Awoyi Ba Su Ne Ke Tuƙa Jirgi Ba

A harkar jiragen sama, tambayar farko da ake yi wa matuƙi ita ce: awa nawa ka yi a sama? Da adadin awoyi ake ɗaukar aiki, da shi ake ƙarin girma, da shi hukumomi ke kwantar wa fasinja hankali. Shi ya sa idan aka kawo maganar ɗaura wa ɗalibi na'urorin da ke auna motsin hannunsa, juyawar kansa da inda idonsa ke sauka, sai tsofaffin hannu su yamutsa fuska. Su dai a wurinsu littafin awoyi da idon malami sun wadatar. Ban yarda ba, kuma gawawwakin da aka kwashe su ne hujjata.

Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya rikito kan wani gida kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka halaka. Gudun jirgin ne ya ragu har sitiyarin ya fara karkarwa, gargaɗin cewa iska na gab da daina ɗaukar fukafukai. Abin da ake koya wa kowane ɗalibi shi ne ya tura hancin jirgi ƙasa ya ƙara wuta. Kyaftin ɗin janyowa ya yi. Mene ne maganin da Amurka ta kawo? Majalisa ta yi doka a 2010, daga 2013 aka wajabta wa mataimakin matuƙi awa 1,500 maimakon 250. Amma kyaftin ɗin nan ya haura awa 3,000, mataimakiyarsa ta haura 2,000. Da dokar tana nan tun farko, da su biyun duk sun tsallake ta, su hau jirgin nan su faɗi kamar yadda suka faɗi.

Wata huɗu ba su cika ba, ranar 1 ga Yuni, jirgin Air France 447 daga Riyo zuwa Paris ya faɗa tekun Atilantika da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar tuƙi ta saki jirgin, ƙaramin matuƙi mai kusan awa 3,000 ya ja sandar tuƙi baya, ya yi ta ja kusan duk tsawon faɗuwar. A jirgin Airbus irin wannan, sandunan tuƙin biyu ba a haɗe suke ba, don haka na kusa da shi bai ji a tafin hannunsa abin da ɗan'uwansa ke yi ba. Ta yaya muka san wannan dalla-dalla? Saboda baƙin akwatin da aka ciro daga ƙasan teku a 2011 ya naɗi kowane motsin sandar. Wato mun iya auna hannun matuƙi daƙiƙa bayan daƙiƙa, amma sai bayan ya mutu muke zama mu karanta. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Masu cewa idon malami ya isa su duba jirgin Asiana 214 da ya daki katangar bakin teku a filin San Faransisko ranar 6 ga Yuli 2013. Mai tuƙin ya kusa awa 10,000, yana koyon Boeing 777 ne, malaminsa na zaune a gefensa. Gudun da ya kamata ya tsaya kan not 137 (not ma'aunin gudun jirgi ne) ya zube zuwa 103, ba wanda ya farga a kan lokaci. Malami mutum ne. Yana sauraron rediyo, yana duba allo, yana leƙen titin sauka. Ba zai iya ganin ƙwayar idon ɗalibi ba, balle ya san sau nawa ta koma kan ma'aunin gudu. Kyamara ƙarama da ke bin ido tana iya wannan.

Kuma ba yayi ne na zamani ba. Tun 1950 Paul Fitts da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi ta ɗaukar fim ɗin idanun matuƙan sojan saman Amurka lokacin sauka, aka ga waɗanne ma'aunai ido ya fi komawa kansu.

Jarrabawar da ake yi yanzu sakamako take dubawa: a kaifin kwana, kada ɗalibi ya kauce wa tsayinsa da fiye da ƙafa 100. Ɗalibai biyu na iya cin wannan, ɗaya da tausasan yatsu, ɗaya yana damƙe da sitiyari kamar zai karya shi, yana gyara kan gyara, kafaɗu a sandare. A takarda maki ɗaya ne. Ranar da ƙararrawa ta kaɗa a cikin duhu, jikin na biyun ne zai fizgo sitiyari kafin ƙwaƙwalwarsa ta yi magana. Malamin allo ba ya tambayar yaro shekara nawa ya yi a tsangaya, hadda yake cewa ya kawo. Na'urar auna motsi ita ce ke sauraron haddar jiki.

Na san iyakarta. Ba ta auna taurin kai. Kyaftin ɗin KLM da ya taso ba da izini ba a Tenerif a 1977, inda mutum 583 suka mutu, babban mai horar da matuƙa ne a kamfanin, hannunsa ba shi da aibu. Haka nan idan kamfani ya mai da bayanan nan bulalar korar ɗalibai, za su koyi yi wa na'ura kwalliya maimakon koyon tuƙi. Don haka a bar su tsakanin ɗalibi da malaminsa, a buɗe su bayan kowane darasi a na'urar kwaikwayon tuƙi, a ce masa: ga inda idonka ya maƙale daƙiƙa goma, ga inda ka ja alhali turawa ya kamata.

Wannan magana ta shafi makarantu irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kowace awa a sama kuɗin mai ce da kuɗin gyara, kuma daga aljihun iyaye ko gwamnatin jiha take fita. Ɗan talaka ba zai iya sayen ɗaruruwan awoyi don ya cika littafi ba. Amma za a iya nuna masa kuskuren hannunsa a awa ta ashirin, tun bai zame masa jiki ba, kuma kuɗin kyamarar bin ido da na'urar auna damƙa bai kama ƙafar kuɗin jirgin horo ɗaya ba.