Kalmarmu Ta Wannan Wata: "Smuggle"

Kalmarmu ta wannan wata ita ce "smuggle", wadda bakin Bahaushe ya mayar da ita sumoga. Ma'anarta shigo da kaya ko fitar da su a ɓoye don kauce wa kwastan, wato fasa-ƙwauri. Mai yin haka shi ne "smuggler". Turawan Ingila sun aro ta ne a ƙarni na 17 daga harsunan Holan da arewacin Jamus.

Ɗalibai, ku lura: "smuggle in" shigowa ce, "smuggle out" fitarwa. Kada ku rikita ta da "struggle", wato fafutika.

Sai da iyaka ake sumoga. A 1899 Ingila da Jamus suka raba wannan yanki, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus. Fataken goro suka wayi gari da iyaka a tsakiyar hanyarsu.

Matasanmu na Bawku, takin da aka tsallaka da shi ta bayan Kulungugu da dare, gonar maƙwabcinku aka hana. Ku tuna, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.