NOMA DA KIWO: Kaskar Juji, Maharbiyar Da Ba A Biyanta Lada

Duk wanda ya bi hanyar Kaciya zuwa Kwoi ko Kafancan cikin watan Maris da Afrilu, ba ya bukatar a gaya masa cewa an kusa shukar citta, hancinsa ne zai sanar da shi. Ga tarin kashin shanu can a bakin gonaki, ga buhunan kashin kaji an jibge, ana jiran ruwan fari ya sauka. Tun wajen 1927 aka kama noman citta sosai a wannan yanki na kudancin Zariya ta dā, har ya zama in ana zancen cittar Nijeriya, to, ana zancen Kaciya da Jaba da Kagarko ne da maƙwabtansu. Ko tafin giwa mutum ya shuka ko yatsun biri, ya san citta maciyiya ce, ba ta yin kirki a ƙasar da ba a ciyar da ita ba.

Manomi yakan ƙidaya takinsa da buhu ko da mota. Abin da ba ya ƙidayawa shi ne ma'aikatan da suka zo a cikin takin, waɗanda bai ɗauke su aiki ba, ba kuwa zai biya su ko anini ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce abin magana a wannan mako.

In mai karatu yana so ya gan ta, sai ya kama buzuzu a wurin da shanu suka kwana, ya birkice shi. Sau da yawa zai tarar da waɗansu 'yan halittu ja-ja, kowace ba ta kai ƙwayar acca ba, sun lafe a ƙirjinsa da gindin ƙafafunsa. Wanda bai sani ba zai ce ƙwarƙwatar buzuzu ce tana shan jininsa. To, ba haka ba ne, fasinjoji ne. Dangin kaska ne da gizo-gizo da kunama, domin ƙafafunsu 8 ne, ba 6 ba kamar na ƙuda da fara. Masana ilmin halittu suna kiran zuriyarsu Macrocheles, sunan da wani Bafaranshe, Latreille, ya raɗa musu cikin 1829, ma'anarsa kuwa da Girkanci mai doguwar awartaki, saboda irin bakinsu. A wannan fili za a kira su kaskar juji, ko da yake sun saɓa wa kaskar da makiyayi ya sani: ba su cizon saniya, ba su cizon mutum.

Zuriya ce babba, an rubuta fiye da iri 300 a cikinta, kuma kusan babu ƙasar da ake kiwo da ba a samun waɗansunsu. Wadda ta fi suna ita ce Macrocheles muscaedomesticae, watau ta ƙudan gida, wadda Scopoli ya bayyana tun 1772 bayan an gan ta manne a jikin ƙuda. Ita ce sarauniyar ɗakin kaji da turken dabbobi. Akwai Macrocheles glaber mai bin buzuzu a makiyaya, akwai Macrocheles merdarius, 'yar ƙarama, wadda sunanta kansa yake nufin ta kashi. Akwai kuma Macrocheles robustulus, wadda ta fi sauran son zama cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ita wannan, Turawa sun mai da ita haja: wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Koppert yana kiwonta yana sayar wa masu noman furanni da kayan lambu a ɗakunan gilashi, su barbaɗa ta a gindin shuka ta cinye musu ƙananan ƙwari. Abin da wani yake saye da kuɗin waje, ga danginsa nan birjik a jujin bayan gida.

Kaskar juji ba ta da ido ko ɗaya. Da ƙafafu 6 na baya take tafiya, 2 na gaba kuwa ta ɗaga su sama tana lalube da su kamar makaho da sandarsa, da su take jin wari, da su take gane abinci. Abincin kuwa ƙwan ƙuda ne, da tsutsar da ta fito daga ƙwai ba da daɗewa ba, da waɗansu siraran tsutsotsi masu kama da zare da ido ba ya gani. In ta sami ƙwai sai ta huda shi da awartakin nan ta tsotse ruwan ciki, ta bar ɓawo. Babbar mace ta irin ƙudan gida takan shanye ƙwai 10 har zuwa 20 a yini guda.

Wani zai ce, ina 20 ina abin da ƙuda ke zubawa? Gaskiya ne, ƙuda mace takan saka ƙwai fiye da 100 a zama ɗaya, ta kuma maimaita sau da dama kafin ta mutu. Amma fa raina kama ka ga gayya. A lokacin zafi ƙuda yana bukatar kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai zuwa tashi sama, ita kuwa kaskar juji cikin kwana 3 ko 4 ta girma ta isa haihuwa. Ga kuma wani abin al'ajabi na hikimar Ubangiji: macen da ba ta sadu da namiji ba ita ma tana saka ƙwai ya ƙyanƙyashe, sai dai maza zalla za ta haifa, wadda ta sadu da namiji kuwa ita ke haifar mata. Saboda haka mace ɗaya tak ta isa ta kafa gari a sabon kashi.

Yadda take zuwa sabon kashin shi ne dalilin hawan buzuzu. Ba ta da fiffike, kuma tazarar da ke tsakanin kashin saniya da wani kashin, a wurinta tafiyar kwanaki ce cikin rana mai kisa. To, da ta ji mazauninta ya fara bushewa, sai ta kama jikin buzuzu ko ƙudan da ke shirin tashi. Duk inda ya sauka, can abinci yake. Ƙuda dai da kansa yake goya wadda za ta cinye masa 'ya'ya, ya kai ta har bakin ƙwansa.

Mutanen Ostareliya sun san darajar wannan goyo, domin sai da suka rasa shi. Cikin 1788 Turawa suka kai shanu ƙasar, alhali buzuzun can da kashin dabbobin dajinsu kaɗai suka saba, ba su iya da na saniya ba. Kashi ya yi ta taruwa a makiyaya yana hana ciyawa fita, ƙuda ya addabi mutane da dabbobi. Daga 1965 zuwa 1985 hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta gudanar da shirin shigo da buzuzu daga waje, wanda George Bornemissza, mutumin Hungare, ya assasa, aka saki fiye da iri 40, da yawansu daga Afirka. Amma don gudun shigar da cututtukan dabbobi, ƙwan buzuzun aka riƙa wankewa da magani kafin a ba shi hanya, saboda haka buzuzu ya isa, fasinjojinsa suka tsaya a gida. Sai a farkon shekarun 1980 aka koma kudancin Afirka musamman aka ɗauko Macrocheles peregrinus aka sake ta. Ta zauna, ta bazu, ko da yake ita kaɗai ba ta gama da ƙudan ba.

A koma Kaciya. Wurin kiwo na Ladduga, mai faɗin fiye da hekta 30,000, yana cikin wannan ƙaramar hukuma, kuma tsohuwar al'ada ce a yankin manomi ya gayyaci Bafillace ya sauka a gonarsa da rani, shanu su ci kara su bar taki, kafin zama ya yi tsami a waɗansu wurare. Ga kuma gidajen kaji da suka yawaita, waɗanda kashinsu ya zama abin nema wurin masu citta. Duk inda taki ya taru ƙuda zai taru, ƙuda kuwa shi ne ɗan aiken zawo da atuni da kwalara da ciwon ido. A nan ne hannu yakan yi saurin kai wa kwalbar feshi.

Wani masanin ƙwari a Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Richard Axtell, ya yi shekaru tun daga wajen 1960 yana bin wannan al'amari a gidajen kaji da na shanu. Abin da ya gano shi ne, in aka fesa maganin ƙwari a kan kashin kansa, maharban ne suke fara mutuwa. Ƙuda kuwa yana da fiffike, gobe wani zai zo daga maƙwabta ya saka ƙwai a wurin da babu sauran mai tsaro, bayan mako 2 a ga ƙudan ya fi na dā. Sai a ce maganin jabu ne, a ƙaro wani. Shawarar da ta fito daga binciken ba ta bukatar kuɗi. In feshi ya zama dole, a fesa bango da rufi inda manyan ƙudaje suke hutawa, a ƙyale kashin. A gyara mashayar kaji kada ta riƙa ɗiga, domin kashi mai caɓi gidan tsutsa ne, kaskar juji kuwa ba ta iya yawo a cikinsa. In an zo kwashewa kada a share ƙaf, a bar ɗan tsohon busasshe a ƙasa ya zama iri, kamar yadda mai nono take barin ɗan tsami a ƙwarya.

Makiyayi ma yana da nasa kason. Maganin tsutsar ciki da kaska da ake kira ibamektin, wanda ya shigo kasuwa cikin 1981, magani ne nagari, ya ceci dabbobi ba iyaka. Sai dai yawancinsa yakan fita ta kashi da sauran ƙarfinsa. Cikin 1987 waɗansu masana biyu a Ingila, Wall da Strong, suka nuna cewa kashin maruƙan da aka ba maganin ya kwana 100 a fili kusan yadda aka ajiye shi, na waɗanda ba a ba su ba kuwa ƙwari sun riga sun watsa shi. In buzuzu ya ragu, motar kaskar juji ce ta ragu. Ba wanda ya ce a bar dabba da cuta, amma yi wa garke duka allura kowane lokaci ba tare da malamin dabbobi ya duba ba, hasarar kuɗi ce, hasarar taki ce kuma.

Kada kuma a ɗora mata kayan da ba nata ba. Tsando, mai kawo wa shanu sammore, ba ya saka ƙwai a kashi, saboda haka babu inda za su gamu. Haka nan annobar da ta faɗa wa citta da daminar 2023, wadda ta ruɓar da gonaki a Kaciya da Kagarko da Jaba da kewaye, har hukuma ta ƙiyasta hasarar da fiye da Naira miliyan dubu 12, cutar fumfuna ce, kaskar juji kuwa ba ta cin fumfuna. Maganin wannan yana wajen iri mai lafiya, da sauya gona, da hana ruwa kwanciya, da shawarar malaman gona. Abin tsoro dai shi ne wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manomin da ya yi hasarar shekara guda yana iya ɗaukar duk abin da ke motsi cikin ƙasa abokin gaba, ya haɗa maganin ƙwari da na ciyawa da na fumfuna ya kwarara, alhali maganin ƙwari ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Ciyawar nan da ake lulluɓe kunyar citta da ita bayan shuka, a ƙarƙashinta ne maharban ƙasa suke samun laima da inuwa, kuma gwaje-gwajen da aka yi cikin tukwanen shuka sun nuna waɗansu danginsu suna rage siririyar tsutsar nan mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, wadda citta ma ba ta tsira daga gare ta ba.

Malamin makarantar da ke so ya nuna wa yara abin da idonsu, akwai dabarar da Antonio Berlese, mutumin Italiya wanda ya raɗa wa da yawa daga cikin waɗannan halittu suna, ya ƙago cikin 1905, daga baya aka ƙara mata fitila. A sami mazurari babba, a sa guntun rariya a cikinsa, a zuba tafi 2 na tsohon taki mai ɗan laima a kai. A ajiye kwalba da ɗan ruwa a ƙarƙashi, a rataya ƙwan lantarki a sama yadda zafinsa zai riƙa busar da takin sannu a hankali. Duk mai rai da ke ciki zai yi ta gudun zafi yana yin ƙasa har ya faɗa kwalbar. Bayan kwana 3 ko 4 a juye ruwan a farin faranti, a miƙa wa yara gilashin ƙara girma su ƙidaya ƙafafu.