Sabuwar kyanwa a gida: A keɓe ta kafin a haɗa ta da tsohuwa

Da an gama girbin gero a Kwaya da ƙauyukan Magaria da Dungass, ɓera kan addabi rumbu. Sai magidanci ya karɓo 'yar kyanwa daga maƙwabta, ya saka ta a tsakar gida tare da tsohuwar magensa. Wannan gaggawar kuskure ce.

Babbar mage ba ta son baƙo a wurinta, muzuru kuwa yana iya kashe ƙaramar. Ita ma baƙuwar takan zo da ƙuma, tsutsar ciki ko makero, wanda yara ke ɗauka wajen wasa da ita. Mafi haɗari shi ne ciwon haukan kare: kyanwa ma tana kamuwa da shi, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tsira.

Ya kamata a keɓe ta mako biyu da kwanonta daban, sannan a kai ta wajen ma'aikatan kiwo a yi mata allura idan ta cika wata uku. Yaron da ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu minti 15, a garzaya da shi asibiti.

'Yan ci-rani masu aiko da kuɗin gida, ku sa allurar a lissafi. Rigakafi ya fi magani.