Kafin Ka Sauke Iyalinka A Gidan Hayar Kwanaki



Idan jinya ta taɓa kai ka Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko asibitin koyarwa na Idi-Araba a Legas, ka san yadda kuɗin otal ke cinye aljihu. Shi ya sa iyalai da yawa yanzu suke kama gidajen nan na hayar kwanaki, waɗanda ake kira shotlet, a unguwanni irin su Wuse II, Garki ko Ikeja. Za ka tarar da gado, firji, kicin da tukwanensa, ga mai shara, ga wuta dare da rana. Uwargida ta dafa wa mara lafiya abin da likita ya yarda da shi, yara su sake kamar a gida. Sai dai baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma akwai abin da ya kamata ka duba kafin ka karɓi mukulli.

Wutar nan ta dare da rana, galibi janareta ne ke cike giɓinta. A tsakiyar birni gine-gine a manne suke da juna, don haka sau da yawa akan cusa injin a lungu, ƙarƙashin bene ko bayan tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini, tana kama shi fiye da yadda iskar oksijin ke yi har sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, irin waɗanda mu muka saba ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar hanya. Mai barci kuwa ba ya jin komai, yana iya wucewa daga barcin nan. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa, wato dai mutanen da ka zo da su.

Saboda haka ka ce a nuna maka inda janaretan yake, ka gani da idonka. Masana na shawartar ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa ya juya wa ginin baya. In kun wayi gari dukanku da ciwon kai lokaci guda, kuma ya lafa da kun fita waje, kada ku sha magani ku koma ku kwanta. Ku fice zuwa iska, ku nufi asibiti, ku gaya wa likita akwai janareta kusa. Lambar gaggawa ita ce 112.

Daga nan ka leƙa kicin. Shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas da robarta. In ya yi kumfa, tana yoyo. In kun ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunyar a buɗe tagogi. In a sama aka ba ku, janye kujeru daga baranda da taga, domin yaron da ya tashi a gidan ƙasa bai san haɗarin bene ba. Sannan ka bi matakalar ginin da ƙafarka sau ɗaya, ka tabbata ba a garƙame ƙofar fita ba, tunda ba a shiga lifta idan gobara ta tashi.

Duk wannan bai wuce minti 15 ba. In mai kula da gidan ya hana ka dubawa, ɗauki jakarka ka nemi wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.