Rigimar Red Hat da Debian: Ina Ribar Matashin Gumel?

Ɗan uwa, 'yar uwa, idan kana bibiyar masu harkar kwamfuta, ka san akwai musun da ba ya ƙarewa: wane Linux ne ya fi? Linux dai tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, sai dai shi rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara shi a 1991. Android ɗin da ke wayarka ma a kansa aka ɗora shi.

Da yake kowa na iya ɗauka ya gina nasa, sai gida ya rabu. Ga Debian, wanda 'yan sa-kai ke ginawa tun 1993, suna tinƙaho da inganci, ba sa gaggawar fitar da sabo. Ga Red Hat, kamfanin Amurka da IBM ya saya a 2019 kan dala biliyan 34. A tsakiya akwai Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004 a kan ginin Debian. A 2023 Red Hat ya taƙaita yadda jama'a ke samun rubutun tsarinsa na kasuwanci, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu suka kira shi cin amana, kamfanin ya ce aikin yana cin kuɗi, kuma akwai masu kwafa ba tare da sun ƙara komai ba.

To mu a Gumel me ya shafe mu? Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne kuwa a hannun ɗalibanmu da shagunan buga takardu daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu ma da Windows na sata. A kansu ake shigar da lambar NIN ta mutane. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro kamar shago ne da ƙofarsa ba ta kulluwa.

Shi ya sa nake ganin kada mu gaji rigimar da ba tamu ba. A wajenmu inganci shi ne: zai tashi a kan tsohuwar kwamfuta? Zai yi aiki da na'urar buga takarda? Zai cinye data? Linux Mint da Ubuntu suna da nau'o'i marasa nauyi, kyauta, kuma ana ba su gyaran tsaro na tsawon shekaru. Gaskiya dai, CorelDRAW da Photoshop ba sa aiki a kansu kai tsaye. Mai zana katin biki sai ya koyi Inkscape ko GIMP, ko ya zauna inda yake. Amma mai rubutu da lissafi da shiga intanet, LibreOffice da Firefox sun ishe shi.

Batun kuɗi kuma, duba yadda Red Hat ke cin abinci. Abin da yake sayarwa shi ne kulawa: gyara, tsaro da amsa kira idan matsala ta taso. Kai ma za ka iya. Dillalin da ke kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba shi ya kiwata shanun ba, amma saninsa ake biya. Matashin da ya iya ɗora Linux, ya haɗa na'urar buga takarda, ya koya wa mai shago, ya samu sana'a.

Ka sauke Linux Mint a kan fulash, ka tayar da kwamfutarka da shi ba tare da ka goge komai ba, ka gwada shi na mako guda. Bayan nan sai ka shiga musun, da hujja a hannunka.