Ra'ayinmu: Toka Daga Nesa

Mutumin Wudil ya san hazon hunturu, ya kuma san yadda yakan hana jirage sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Amma in aka yi masa zancen dutse mai aman wuta, sai ya ce wannan ai labarin wasu ƙasashe ne. Mu kam ba mu yarda ba.

Tokar dutse ba irin ta murhu ba ce. Garin duwatsu ne da gilashi. In ta shiga injin jirgi sai ta narke, ta daskare, ta shaƙe shi. A 1982 duk injuna huɗun wani jirgin Ingila suka mutu a sararin Indunusiya, da ƙyar aka tashe su. A Afrilun 2010 tokar dutsen Aislan ta sa aka soke tashin jirage wajen 100,000. A 2011 kuwa dutsen Nabro na Eritiriya ya turnuƙe sararin gabashin Afirka, daura da hanyar alhazanmu zuwa Jidda.

Gargaɗin toka game da sararinmu daga birnin Tulus na Faransa yake fitowa, amma fahimtarsa da yanke shawara aikin 'yan ƙasa ne. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗaliban kimiyya su rungumi ilmin duwatsu da na yanayi, kada kowa ya ruga neman aikin ofis. Matafiya kuma, in an tsai da jirgi saboda toka, a yi haƙuri da ma'aikata. Gara a kwana a filin jirgi da a rasa inji a sama.