Jami'ar Zuru Ta Buɗe Ajin Yamma ga Manya, Har da Falsafar Soyayya

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga darajar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa jami'a, aka yi murna a duk faɗin masarautar. Sai dai al'adar ƙasar nan ta ɗauki jami'a gidan 'yan shekara 18 masu sakamakon JAMB. Malamin firamare ɗan shekara 45 a Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba, ba ya cikin lissafi. Haka ungozoma, haka dillalin hatsi. Wannan kuskure ne, kuma gyaransa ba ya buƙatar sabon gini. Jami'ar ta tura malamanta garuruwa su koyar da manya bayan la'asar, ba tare da sharaɗin takardar shaida ba, kuma darussan su wuce takin zamani da kiwon kaji, su haɗa da tarihi da adabi da falsafa, har da falsafar soyayya.

Ba baƙon abu ba ne. Tun 1823 aka kafa makarantar da ta zama Kwalejin Birkbeck a Landan domin ma'aikatan da ba su da sukuni sai da dare. A 1949 Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashen da ke kai lacca ga manya a garuruwansu. A Arewa an yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980. Nana Asma'u ma ta riƙa aika jajojinta ƙauyuka su ilmantar da matan aure.

Mai gardama zai ce: me manomi zai yi da falsafar soyayya? Duk wanda ya faɗi haka bai san ƙasar Zuru ba. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi kan shafe shekara bakwai yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata. Al'ummar da ta auna ƙauna da gumi haka ta daɗe da shiga muhawarar da masana ke yi: shin so shauƙi ne, ko alkawari, ko bashi? Abin da ya rage shi ne ɗakin da za a zauna a tattauna. Kuma tambayoyin ba na nishaɗi ba ne. Su ne ke kai mutane gaban alƙali: auren dole, sakin gaggawa, kishi, haƙƙin bazawara.

Wanda ke tsoron cewa darasin zai ɓata tarbiyya, ya tuna cewa Ibn Hazm, babban malamin fiƙihu na Andalus, ya rubuta Ɗauƙul Hamama kacokan a kan so da alamominsa, Imam Gazali kuma ya ware wa ƙauna littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin. A Kano, littattafan soyayya ne suka sa dubban mata suka riƙe karatun boko. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tun tana ƙarama, a ajin manya ta farfaɗo da karatunta, ta zama marubuciyar da ake nazari a jami'o'in duniya.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai da dama a yankin Sakaba, kuma ba mai hankalin da zai tara jama'a a ƙauye da daddare. To amma tsakanin la'asar da magariba akwai fiye da awa biyu, ajujuwan firamare na cikin gari kuwa a wofi suke a lokacin. Wanda hanya ta hana shi zuwa, rediyo da waya za su isar masa. Idan aka ce sai daji ya yi lafiya za a ilmantar da manya, an bar wa 'yan bindiga ikon yanke ranar da mutanen Sakaba za su yi karatu.

Aikin kaɗan ne: aji ɗaya a Dirin Daji, sau biyu a mako, malami ɗaya, da Hausa. Hukumar jami'a ta ba da malami, ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki, masarauta ta sa albarka.